Sakin da Ba Ka Yi Ba, Tanko

Al-Badi'a, Riyad

Zuwa ga ƙanena,

Aminci da rahamar Allah su tabbata a gare ka a inda kake kwance. Bayan sallama, ina gaishe ka gaisuwar wanda ya yi nisa, ko da yake na san ba za a kawo mini amsa ba. Yayarka ce. Muna nan lafiya, ni da Abban Husna da yara. Umma ma tana Funtua, da sauƙi, sai ciwon gwiwar nan da ka sani.

Na sauya sunanka, na sauya na garinmu, kuma ba da sunana wasiƙar nan za ta fita ba, domin rufin asirinka ya fi mini komai. Na zaɓi Tanko ne saboda kai ma ka zo bayan mu mata huɗu. Na san cikin masu karantawa akwai waɗanda za su zage ka, akwai waɗanda za su zage ni. Na auna wannan, na ga zan iya ɗauka. Abin da na kasa ɗauka shi ne in ci gaba da riƙe maganar ni kaɗai, alhali na san ba gidanmu kaɗai ke da irinta ba.

Ka san na yi shekaru a ɗakin labarai kafin aure ya kawo ni Riyad. An koya mana mu fara da abin da ya faru, mu bar abin da muke ji sai daga baya. Haka zan yi, don idan na saki wannan tsarin ba zan kai ƙarshe ba.

Ka tafi karatun zanen gine-gine a wata ƙasa ta arewacin Turai. Ka gama, ka sami aiki, ka zama ɗan ƙasa. A can ka haɗu da wani mutum da zan kira Matiyas. Kuka je ofishin hukuma kuka yi rajistar aure, kamar yadda dokarsu ta yarda maza biyu su yi. Ni ka fara faɗa wa, ta waya, kana ta gyaran murya kamar mai mura. Ban ɗauke shi aure ba a ranar, ban ɗauke shi aure ba a yau, kuma ban ɓoye maka ba. Amma ban katse wayar ba, kuma ban taɓa ƙin ɗaukar kiranka ba.

Bayan rasuwar Baba ka baro shi. Har yau ban san dalilin ba. Ko don Allah ne, ko don Umma, ko zaman ne ya ƙare kamar yadda zama kan ƙare, ko duka ukun. Na taɓa tambayarka sau ɗaya, ka ce in ƙara maka miya. Abin da na sani shi ne ka dawo kana salla a kan lokaci, kuma ban taɓa jin mummunar kalma a kansa daga bakinka ba.

Ka sami aiki da wani kamfani a Dir'iyya, nan gefen Riyad, inda ake ta da tsofaffin gidajen ƙasa. Ka kama ɗaki kusa da mu. Waɗannan shekarun su ne mafi daɗi da na yi a garin nan. Kullum Juma'a kana gidana bayan masallaci, takalmanka duk jar ƙasa, kana tsokanar yarana da Hausarsu ta karye. "Yaya, Larabawa kika haifa mana, baƙin fentin ne kawai namu." Ranar da ka kai mu wurin aikinku, ka dafa wani bango ka ce, "Kin ga ginin ƙasar da muke jin kunyarsa a gida? Nan injiniyoyi ake ɗauko masa daga Turai, har da ni."

Hajiya Rabi, maƙwabciyarmu 'yar Maraɗi, ta sa maka suna Tuzurun Badi'a. Duk ta gan ka a matakala sai ta ce, "Injiniya, kana gina wa Larabawa gidaje, kai ko ɗakin amarya ba ka da shi?" Kai kuma ka ce kana jiran ta fito daga gidan Alhaji ne. Ta bi ka da muciya, kowa na dariya. Bayan an watse ne, muna wanke kwanuka, ka ce mini a hankali, "A Riyad ni tuzuru ne, a can ni mai aure ne, a gida kuwa fursuna ne da ba a kama ba tukuna." Ka faɗe shi da dariya. Ni ban yi ba, domin na san babu kuskure ko ɗaya a lissafin.

Sannan Matiyas ya aiko da saƙo. Ya ce tunda an rabu, a rabu a hukumance. Hanyar mai sauƙi ce: ku biyu ku sa hannu a takarda guda, kotu ta raba ku ba tare da ka taka ƙasar ba. Ka yi niyyar sa hannu. Lokacin Umma tana wurinmu, ta yi Umra ta biyo ta kwana biyu, sai ka ga ya dace ka faɗa mata, a zatonka albishir ne. Ita da ni kaɗai ne a gidanmu muka san maganar, sai Abban Husna da na faɗa wa daga baya.

Bayan la'asar ne, tana zaune a kan darduma tana tsince busasshen zogalen da ta kawo mana. Ka durƙusa ka yi bayani. Ba ta ɗago kai ba sai da ka kai kan kalmar saki. "Saki? Wa ya ba da auren? Wa ya karɓa? Ina goron da aka raba?" Ka ce takarda ce kawai, Umma. Ta ce, "Takardar da za ta ce an taɓa auren ɗana? Ina numfashi ba za ka sa mata hannu ba. In ka sa, ka yarda ke nan an yi." Ta koma kan zogalenta. Ganyen na zubewa a gefen faranti.

Ba ka tsaya nan ba. Ka je wurin Malam Isuhu, ɗalibin nan na Damagaram da ke koya wa yara karatu, ka ce wani abokinka ne ya shiga irin wannan hali. Ya ce maka abin da ba aure ba ne ba ya buƙatar saki, abokinka ya tuba ya nisanta, shi ke nan. Ba na ganin laifinsa. An tambaye shi hukuncin addini, ya ba da hukuncin addini. Babu wanda ya tambaye shi yadda rajistar wata ƙasa take aiki.

A nan ne muka yi kuskuren da sai irinmu ke yi. Mun tashi a inda baki ke ɗaura aure a gaban shaidu, baki kuma ya kwance shi. Mutum ya furta, an gama. To mu a ganinmu, wanda ya tattara kayansa ya bar ƙasa, ya tuba, ya yi shekaru, ai ya wuce furuci. Su kuwa can hukuma ce ke ɗaurawa, ita kaɗai ke kwancewa, kuma ba ruwanta da tuba ko tsawon rabuwa. Kotun Riyad ba za ta raba ka da shi ba, ta gida ma haka, domin alƙali ba ya warware abin da dokarsa ta ce babu shi. Kai kanka wurinsu ma kai ƙarar kanka ne. Ƙofa ɗaya ce tak, ita ce Umma ta rufe.

Na faɗa maka wannan duka, a mota, a gaban wani kantin magani. Ka saurara har na gama, sannan ka ce, "Yaya, ke kin san doka, ni na san Umma. Halas, magana ta ƙare." Ka kunna mota. Maganarka ce, rayuwarka ce, na bar maka.

Ciwon ya fara da rama da ƙin abinci. Aka ce ciwon daji ne a hanta. Kamfanin ya yi haƙuri iya haƙurinsa, daga baya kwantiragi ya ƙare, kuma ka san yadda abin yake a nan: aiki ya tafi, iƙama, wato takardar izinin zama, ta bi shi, inshorar asibiti ta bi iƙama. Aka buga maka huruj, bizar fita ta ƙarshe. Ƙasar da kake riƙe da fasfonta ce kaɗai za ta yi jinyarka ba tare da tambayar aljihunka ba, don haka can ka koma. A filin jirgi ina ta dubanka, rigarka ta yi maka yawa, ka ce, "Ki daina kallona kamar sanarwar rasuwa da aka ba ki ki gyara." Na yi dariya don ka ga na yi.

Na nemi biza in biyo ka. Ranar ganawar da ofishin jakadanci ya ba ni ta yi nisa. Na rubuta musu, na haɗa da takardar likita, suka ce suna dubawa.

Ina wurin aiki a unguwar Murabba, ina gyara fassarar wata faɗakarwa kan ciwon sukari, wata mata ta kira daga asibitin da kake kwance. Ta ce ka cika da safe. Ta yi mini ta'aziyya cikin ladabi. Na yi mata tambayar da duk ɗan gidanmu zai fara yi: yaya za a yi a ba mu shi? Ta ce ta ga sunana a matsayin wadda za a sanar, amma sanarwa daban, iko daban. A rajistar ƙasa kana da miji, shi ne zai ce a binne ko a ƙona, a can ko a wani wuri. Ta ambaci ƙonawa kamar mai tambayar baƙo ko shayi zai sha ko gahawa.

Tanko, a gidanmu ba a taɓa kiran sunan mutumin nan ba. In ta kama dole, "wancan" muke cewa. Ranar na fita bayan ofis, na tsaya a inuwar wani gini, na kira shi da sunansa, na roƙe shi.

Kafin in ce komai ya faɗa mini cewa yana wurinka a kwanakin ƙarshe, kuma kai ka kira shi. Ya ce da zazzaɓi ya yi tsanani ka daina Turanci, ka daina yaren ƙasar, sai Hausa. Ka yi ta magana, wani lokaci kamar kana faɗa, wani lokaci kamar kana ba da labari. Babu mai jin Hausa a ɗakin. Ya ce ya yi ƙoƙarin riƙe ko kalma ɗaya ya kawo mini, ta kuɓuce masa. Wannan ne abin da ya fi tsaya mini har yau. Ka yi maganarka ta ƙarshe da harshenmu, ba wanda ya karɓa.

Na ce masa don Allah kada a ƙona ka. Ya ce, "Kina ganin ban san ko wane ne shi ba?" Ya ce za a yi maka duk abin da ake yi wa Musulmi, in dai za mu nuna masa yadda ake yi. Sai na isar da saƙon Umma: a kawo mata ɗanta gida, a kwantar da shi kusa da mahaifinsa. Ya ce a'a. Bai ɗaga murya ba. "In kun tafi da shi, wace biza zan nema in ziyarce shi? In ce ni wane ne?"

Na yi fushi, na ce da ya so rabuwa da gaske ai da ya shigar da ƙara shi kaɗai, dokarsu ta ba shi dama. Ya ce ya je wurin lauya a kan haka. Lauyan ya ce dole kotu ta aiko maka da sammaci inda kake zaune, ta hanyar hukumomi, a fassara shi da Larabci, da sunanka da nasa da abin da ke tsakaninku. Ya tambayi abin da zai same ka in takardar ta faɗa hannun da bai dace ba a Riyad. Da aka faɗa masa, ya janye. Ikon da yake hana mu kai da shi, ya same shi ne ta hanyar rufa maka asiri.

Ni ma na sami lauya a can, wata mata mai magana a taƙaice. Ta ce a tsarinsu miji ko mata na gaban uwa, na gaban 'yan'uwa, kuma rabuwar shekaru ba ta sauya wannan muddin babu hukuncin saki. Ta ce muna iya ƙalubalanta. Za a ɗauki makonni, wataƙila watanni, babu tabbacin nasara, kuma duk abin da muka ɓoye za a karanta shi a gaban alƙali. Duk tsawon lokacin kana ɗakin ajiyar gawa.

Daga gida ana ta kira. Kawu Sale ya ce me ake jira, 'yan'uwanka mata suna ta kuka, ni ina ta cewa takardu ne. Abban Husna bai sa baki ba sai da na tambaye shi. Ya ce, "Ƙaninki yana cikin firiji. Duk kwanan da aka ƙara, haƙƙinsa ne a wuyanmu." Na zauna na auna: burin uwa a gefe guda, suturarka a gefe guda. Na zaɓi suturarka. Ni na yanke, ban shawarci Umma ba, domin na san in na tambaye ta ba za ta iya cewa a bar ka ba, kuma bai kamata a sa uwa ta faɗi haka ba.

Matiyas ya je wani masallaci da ke da masu kula da jana'iza. Ya ce ya daɗe a mota kafin ya shiga. Ya faɗa wa dattijon da ke wurin, wani ɗan Maroko, gaskiyar matsayinsa, domin dole ya rubuta shi kafin asibiti su saki gawa. Ya haɗa dattijon da Abban Husna ta waya, suka yi Larabci. Tambaya ɗaya dattijon ya yi: "Yana salla?" Aka ce yana yi. Ya ce to a kawo shi.

An yi maka wanka, an sa maka likkafani, an sa ka a akwati domin haka dokarsu ta tanada. Mutanen da ba su taɓa ganinka ba suka yi sahu suka sallace ka. Wani matashi a cikinsu ya riƙe waya, ni ina zaune a kicin ina gani. Ana yayyafi, ciyawa kore shar, ba kamar maƙabartunmu ba. Can baya, nesa da sahu, wani dogon mutum yana tsaye da baƙar riga, hannuwansa a haɗe, bai san inda zai sa kansa ba. Wannan ne ganina da Matiyas na farko. Da aka fara zuba ƙasa ya matso, dattijon ya miƙa masa shebur.

A nan Badi'a mun yi zaman makoki. Matan Maraɗi da na Kano suka cika falo, kowa da kwanonta. Hajiya Rabi ta rungume ni tana kuka tana cewa, "Allah sarki Injiniya, ko aure bai yi ba, babu mai yi masa takaba." Na ce Allah ya ba da lada. Me zan ce?

Kabarinka da sunan Matiyas aka yi rajistarsa, domin can wurin kwanciya ma yana da mai riƙe da shi a hukumance. Ya tambaye ni yadda ake rubuta sunan Baba don a sa a dutse, na rubuta masa. Yakan je ya share ganye, ya aiko mini da hoto ba tare da ya rubuta komai ba. Ban san sunan da zan ba abin da ke tsakanina da shi ba. Ba surukina ba ne. Shi ya hana uwarka gawarka, shi kuma ya tsaya aka yi maka sutura, kuma shi kaɗai ne a duniya ke zuwa inda kake. Ina jin haushinsa, ina kuma amsa saƙonsa.

Na je Funtua bayan an yi arba'in. Na sami Umma ta rame, ta koma kwana a ɗakin da ka taso. Na faɗa mata komai, ban rage ba. Ta tambaya ko an yi maka wanka, na ce an yi. Ko an fuskantar da kai alƙibla, na ce an fuskantar. Ko mutane sun taru, na ce sahu uku. Ta yi ta jan carbi. Na ɗauka an gama. Ina naɗe darduma ta kira ni da sunan da take kirana ina yarinya, ta ce, "Ke da kika yi boko, faɗa mini. Da ya sa hannun nan, da sun ba ni shi?"

Ƙanena, duk rayuwata aikina shi ne in ba da amsa daidai da tambaya. Na dubi tsohuwar nan, na ce, "Umma, ƙasar da Allah ya rubuta masa ke nan." Gaskiya ce, amma ba ita ta tambaya ba. Ta daɗe tana kallona. Umma ba ta yi boko ba, amma ita ta haife ni. Ta gyaɗa kai, ta ce in miƙo mata ruwa. Ba ta sake tambaya ba, ni ma ban sake tayarwa ba.

Kai zan faɗa wa, domin kai kaɗai ne amsar ba za ta ƙara yi wa ciwo ba. E, da sun ba ta kai. Da yanzu kana kusa da Baba. Ka bi maganar mahaifiyarka, biyayyar ce ta raba ta da kabarinka, kuma ban san wanda zan ɗora wa laifi ba. Na duba ko'ina, duk wanda na kama sai in tarar sonka ne ya sa shi.

Ya Allah, ga bawanka, ɗan baiwarka. Kai ka san abin da ya aikata, ka san abin da ya baro, ka san abin da ya faɗa a ɗakin da babu mai jin harshensa. Ka gafarta masa, ka yalwata masa kabarinsa, ka sanyaya masa ƙasar baƙunci. Ka saka wa waɗanda suka wanke shi ba tare da sun san shi ba. Ka shiryi mutumin da ke share masa ganye, ka yi masa sakayya da alheri. Ka sanyaya zuciyar Umma, kada ka kama ta da abin da ta yi don kishin ɗanta. Ka haɗa su a inda babu mai tambayarta takarda kafin a ba ta shi. Amin.

Ka huta lafiya, Tanko.

Ni ce,
Yayarka da ta goye ka.